Wadda Ke Rainon 'Yarki a Kalifoniya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, kin tambaye ni wanda ke riƙe mini 'yarki idan na tafi aiki, tun da a nan babu kaka a tsakar gida, babu kuma ƙanwar da za a ɗora wa goyo. Wata mata ce 'yar asalin Meziko, wadda ta mayar da falonta wurin raino. Da shigarki za ki ga lasisin gwamnatin jiha manne a bango, ga ƙananan kujeru, ga kuma takardar da kowace uwa ke rubuta lokacin da ta kawo ɗanta da lokacin da ta ɗauke shi. Ƙaramin lasisi ne da ita, don haka ba za ta wuce yara takwas ba. Mai babban lasisi da mataimakiya ce ke iya kaiwa sha huɗu.

Takardar nan ta rubuta lokaci ita ce abincinta, domin yawancin yaran 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne waɗanda gwamnati ke biya wa kuɗin raino, kuma da ita ake lissafi. A kasuwar Kurmi mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja har a daidaita. Ita kuwa gwamnati ce ta yanka mata farashi, alhali ba ma'aikaciyarta ba ce, saboda haka shekara da shekaru masu wannan sana'a ba su da wanda za su ce wa albarka, ba su da fansho, ba su da inshorar lafiya ta wurin aiki.

Jihar Illinois ce ta fara bai wa irinsu damar kafa ƙungiyar ƙwadago a 2005. A nan Kalifoniya sai da gwamnoni biyu suka ƙi sa hannu kafin Gavin Newsom ya amince a 2019, kuma a 2020 kashi 97 cikin ɗari na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka zaɓi ƙungiyar Child Care Providers United, mai wakiltar mutum sama da 40,000. Daga baya ta samo musu asusun lafiya na dala miliyan 100, sannan a 2023 asusun ritaya na dala miliyan 80. Ba ko'ina aka karɓi abin ba, domin a Minnesota masu rainon da kansu suka yi fatali da ƙungiya a 2016. Shiga ma ba dole ba ce, kuma tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2014 ba a tilasta wa irin waɗannan ma'aikata biyan kuɗin ƙungiya.

A ganina abin ya yi amfani, ko don kada gajiya ta sa ta rufe ƙofa in rasa inda zan kai yarinya. Ki gaishe da Inna, ki ce mata abin da take yi wa jikokinta kyauta, a nan sana'a ce mai lasisi.