Wane littafin koyon Git za ka ɗauka?

Kafin ka kashe kuɗi ko data a kan littafin koyon Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayilolin aikinka, buɗe littafin ka duba yadda ya bayyana reshe (branch), wato layin aiki da ake warewa gefe. In ya ce maka kawai "rubuta git branch", mayar da shi. In kuwa ya nuna maka cewa reshe ba kwafin aikinka ba ne, ɗan fayil ne mai ɗauke da lamba mai haruffa 40 da ke nuni ga kwamit (commit) guda, wato ajiyar yadda aikinka yake a wani lokaci, to marubucin ya san inda gizo ke saƙar.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don aikin Linux, cikinsa ba wuya, umarninsa ne ke da sarƙaƙiya. Dubi git checkout: shi ke sauya reshe, shi ke dawo da fayil, sai a 2019 aka samar da git switch da git restore don raba masa aiki. Wanda ya haddace umarni bai san abin da ke ƙasa ba, ranar da ya ga saƙon "detached HEAD", wato ba ya kan kowane reshe, sai ya goge komai ya sake saukowa da aikin.

Pro Git na Scott Chacon da Ben Straub shi ne na fi ba mutane. Bugu na biyu ya fito a 2014, kyauta ne a shafin Git, kana iya sauke shi ka karanta ko babu intanet. Tun babin farko yake sanar da kai cewa Git hoton aikin gaba ɗaya yake ɗauka a kowane kwamit, ba jerin canje-canje ba. Sannan ya nuna wurare uku: inda kake aiki, ma'ajiya, da wani wurin jira a tsakani, kamar zaure, inda git add ke ajiye kaya kafin a shiga da su cikin gida. Abin da ban so ba, bayanin 'yan hanjin Git sai babi na 10. Shawarata, in ka gama babi na 3 ka tsallaka can, ka dawo.

Git from the Bottom Up na John Wiegley daga tushe ya fara: abin da ke cikin fayil, bishiyar da ke riƙe da sunaye, sai kwamit. Gajere ne, amma ba na wanda bai taɓa buɗe Git ba ne. Ya fi amfanar wanda ya yi wata biyu yana lalube a duhu.

Learn Git Branching kuwa wasa ne a burauza. Ka rubuta git rebase, ka ga kwamit suna tashi daga wani reshe suna komawa wani a gaban idonka. Wajen fahimtar reshe ban ga kamarsa ba, sai dai zauren nan ba ya cikin darasinsa.

Bayanin da git help ke kawowa na mai neman tuni ne, ba na ɗan koyo ba. Takardar jerin umarni mai shafi ɗaya ma haka: manna ta a bango bayan ka gama babi na 3 na Pro Git.