Wata shida da filogin ɗin zanen gini: bulonmu na inci tara ya rikita shi

Wata shida ke nan da na biya kuɗin wani filogin na manhajar zanen gini SketchUp, irin ƙananan manhajojin nan da ake ɗorawa a kan babbar manhaja don su rage wa mai zane wahala. Aikin wannan shi ne ya ja bango, ya fitar da ƙofa da taga, ya ɗora jinka, sannan ya lissafa kayan da ginin zai ci. Wani ƙaramin kamfani ne a Amurka ya yi shi. Ba zan kama suna ba, don irinsa suna da yawa, kuma abin da ya same ni da shi zai iya samun mutum da kowanne daga cikinsu. Gida uku na zana da shi a nan Kano, biyu an riga an rufa su.

Gaskiya a fannin jinka ya burge ni. Jinka mai kwana-kwana, wadda a da nake cinye rabin yini ina haɗa ta layi bayan layi, yanzu sai in zagaye saman bango, in ba shi gangaren da nake so, kafin shayina ya huce ya jera katako ya shimfiɗa kwano. Abin da ya fi min daɗi shi ne ranar da Alhaji mai gida ya zo ya ce a ƙara faɗin falo. Duk mai wannan sana'a ya san wannan ranar, ba ta taɓa ƙin zuwa. Na ja bango ɗaya, jinka ta bi shi da kanta. A wannan kaɗai ya ci kuɗinsa.

Inda muka saɓa da shi wajen awo ne.

A shafin da suke tallarsa sun rubuta cewa yana aiki da mita kamar yadda yake aiki da inci da ƙafa. Ba ƙarya suka yi ba, akwai wurin da za ka danna, lambobi duka su koma milimita. Na danna, na ga milimita, hankalina ya kwanta. Na buga takardun jinkar gida na farko na kai wurin aiki.

Kafintanmu dattijo ne, tun ban shiga firamare ba yake hawa jinka. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Injiniya, wannan 406.4 ɗin fa? A ina zan samo ɗigo huɗu a jikin tef?" Kafin in ba shi amsa ya zaro tef ɗin daga ƙugu, ya ja, ya dubi gefen inci, ya ɗora babban yatsa. "Ai inci sha shida ne. Wa ya ce maka haka ake jera katako a nan? Ko so kake ka ƙarar wa Alhaji da kuɗi a 'yan katako?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ce ta fitar."

Ya ce, "To ka faɗa mata kwano za mu ɗora."

Yana da gaskiya. Tazarar inci 16 al'adar ginin katako ce ta Amurka. Can suna shimfiɗa allon filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 a kan jinka da bango, kuma inci 16 ya shiga inci 48 sau uku cif, ya shiga 96 sau shida. A wurare da yawa kuma jinkarsu tana ɗaukar nauyin dusar ƙanƙara. Filogin ɗin bai canja tazarar ba, inci 16 ɗin ya ninka da 25.4 ya miƙo min. Riga kawai ya canja wa lambar.

Da na bincika sai na gane tushen abin. SketchUp, wadda ta fito a 2000, Google ya saye ta a 2006, kamfanin Trimble ya karɓa a 2012, a cikinta da inci take ajiye kowane tsawo, ko da kai milimita kake gani a fuskar kwamfuta. Revit, wata manhajar zanen gini, ita ma haka, da ƙafa take ajiyewa. Wannan ba aibi ba ne, don tun yarjejeniyar 1959 aka tsayar da inci ɗaya a kan milimita 25.4 daidai, lissafi ba ya ɓata. Amma wanda ya rubuta filogin, idan ya sa 16 a ransa yana nufin inci, to 16 ɗin nan za ta biyo ka har Rijiyar Zaki. Shi ya sa za ka ga ɗan alamar nan mai lanƙwasa, ~, a gaban wasu lambobi. Manhajar ce take faɗa maka cewa lambar ba cif take ba, an ɗan datse ta. Da ban kula da alamar ba. Yanzu ina ganinta nake tsayawa.

Maganar bulo ta fi wannan ciwo, don ita kuɗi ta taɓa. Bulon da filogin ya zo da shi na Amurka ne, inci 8 da 8 da 16 idan an haɗa da kwaɓin da ke tsakani. Irinsa guda 12 da ɗan ɗoriya ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Namu kuwa milimita 450 ne tsawo, 225 tsayi, kuma kowane birkila ya san lissafin goma a mita. Bangon gidan nan ya kai murabba'in mita 300. Takardar lissafi ta ce bulo 3,600 da wani abu, alhali 3,000 ne. Allah ya sa mai lissafin kuɗin aikin ya duba kafin takarda ta isa hannun Alhaji. Da ta isa, ya kai wa wani birkila ya duba, me zai ɗauke ni? Wanda ya cusa bulo 600 don ya ci riba.

Na shiga wurin gyara na ce to bari in sa namu. Na rubuta inci 9, tunda haka muke kiransa. Sai bango ya fito 228.6. A nan ne na yi dariya ni kaɗai a ofis, don laifin ba na Ba'amurke ba ne kuma. Bulonmu na inci tara 225 ne. Na inci shida 150 ne, ba 152.4 ba. Rodin da wasu ke kira rabin inci a Ƙofar Ruwa milimita 12 ne, ba 12.7 ba. Tun shekarun 1970 Najeriya ta koma awon mita a hukumance, a zamanin da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. Kayan sun koma, baki bai koma ba. Sunan inci ya zauna a matsayin laƙabi. Wurin aikinmu da harshe biyu yake magana: zane da milimita, ciniki da inci. Siminti buhun kilo 50, rodi mita 12, tayil 60 da 60, amma ƙusa inci uku, bututu inci huɗu, katako tu-bai-fo, fili hamsin da ɗari. Birkila yana bi ta tsakaninsu ba ya tuntuɓe. Manhaja kuwa ba ta san laƙabi ba, ka ce mata tara, tara za ta ninka.

Mutum zai ce milimita 3.6 me za ta yi? A bango ɗaya ba komai, filasta ma ta fi ta kauri. Amma ka jera ɗakuna huɗu, bango biyar, ka tara 18, sai jimillar awon waje ta ƙi haɗuwa da na ciki, mai duba zane a hukuma ya zagaye maka da jan biro. Ga kuma ɗakin "sha biyu sha biyu" da kowane mai gida ke nema. Mu 3600 muke zanawa, ƙafa 12 ta gaskiya kuwa 3657.6 ce. Fili ma haka. Hamsin da ɗari mita 15.24 ne da 30.48, wato murabba'in mita 464 da rabi. Idan ka zagaye shi zuwa 15 da 30 ka samu 450, ka zubar da abin da ya fi ɗaki guda. A kan fili dai ban yarda da laƙabi ba, takardar safiyo nake bi.

Katako shi ne ya fi kowa taurin kai. Tu-bai-fo na Amurka, bayan an busar an goge, 38 ne da 89. Mu a zane 50 da 100 muke sawa. Wanda za a sauke maka daga mota kuma sai ka auna, don ya danganta da wanda ya yanka, wani ya kusa, wani ya rame. Tsawonsa yawanci ƙafa 12. Filogin ɗin ya ɗauka zan samu dogayen katakai kamar yadda ake samu a can, sai ya ja ɗaya tun daga bango har tsakiyar jinka babu haɗi. Bai lissafa haɗin ba, bai lissafa abin da haɗin zai ci ba. A bulo ya yi min ƙari, a katako ya yi min ragi.

Kada kuma a ce maganin shi ne a zagaye komai zuwa mita cif. Na gwada, na sha kunya a silin. Na sa tazarar katakon silin 600, lamba mai kyau a ido. Allon da aka kawo na ƙafa 4 da 8 ne, wato 1220 da 2440. Tazara huɗu ta ba da 2400, allo ya wuce da 40. A allo na biyu bakinsa ya sauka a iska, babu inda ƙusa za ta kama. Baba bai ce min komai ba, ya cire ya sake jerawa a ƙafa bibbiyu, 610. Shirun nan ya fi faɗa zafi.

Wani abokin aikina ɗan Maraɗi ya gwada filogin ɗin a tasa kwamfutar. Su can babu ruwansu da inci, bulo na 15 ne ko na 20, santimita zalla. Sai dai kwamfutarsa da Faransanci take, waƙafi yake sawa inda muke sa ɗigo. Ya rubuta 2,80 a tsayin bango, filogin ya ƙi karɓa. Sai da ya canja saitin kwamfutar gaba ɗaya.

Sauran ƙorafin gajere ne. Da dala ake biya duk shekara, kuma kowa ya san yadda dala take da naira. Yana son ya leƙa intanet lokaci-lokaci ya tabbatar da lasisi, ranar da na buɗe shi a wurin aiki inda babu sabis ya rufe ni a waje. Na rubuta musu a kan bulo, sun amsa cikin kwana biyu, da ladabi, suka nuna min inda zan ƙirƙiri kayana da kaina. Su dai ba za su ƙara namu ba.

Haka na yi. Na ware Asabar da Lahadi na zauna da tef da littafi. Kowane kaya na ba shi sunan da ake kiransa a wurin aiki, na sa masa awonsa na gaskiya da milimita: bulo inci tara 450 da 225 da 225, inci shida 150, katako 50 da 100 mai tsawon 3600, allo 1220 da 2440. Na goge tazarar 406.4 duk inda ta ɓuya, kuma ta ɓuya a wuri huɗu, har da ƙarƙashin taga. Na ajiye shi a matsayin fayil ɗin da nake fara kowane aiki da shi. Tun daga nan lissafinsa da na mai lissafin kuɗi ba sa nisa da juna.

Don kwatance, akwai OpenCutList, filogin kyauta da wani Bafaranshe ya yi don masu aikin katako, wanda nake amfani da shi a kabad ɗin kicin. Shi ba ya zuwa da zaton komai, kai za ka faɗa masa girman allonka da kaurinsa, ya tsara maka yadda za a yanka. Da wancan ya fara da tambayata kamar haka, da ban kai wa Baba 406.4 ba.

Wanda yake zana gidaje a kai a kai, yana da haƙurin zaman kwana biyun nan, ya saya, jinkar kaɗai ta isa dalili. Ɗalibi ko sabon shiga da bai taɓa riƙe bulo ya auna ba, ya dakata tukuna, don takardar lissafin tana fitowa tsaf-tsaf, da layi da jimilla, ba abin da zai sa ka yi zargin ta.

Lasisina zai ƙare bayan wata shida, kuma zan sabunta. A gida na uku na fara rubuta awo biyu a takardar kafinta, milimita a sama, inci a ƙasa da ƙaramin rubutu. Baba ya duba, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa yaronsa ya miƙo masa ƙusa inci huɗu.