Manhajar Gramps a darasin salsalar iyali: inda ta dace da gidan Bahaushe da inda take tuntuɓe

Malamin Tarihi da ya tura ɗalibai gida su tambayo sunayen kakanninsu ya san abin da ke dawowa: takardu arba'in, kowace da nata fasali. Wannan ya rubuta “Kaka” a gurbin suna, wancan ya jero matan kakansa shida bai nuna wadda ta haifi babansa ba, wani kuma ya haɗa zuriyarsu da Bayajidda a layi na huɗu. Ana bukatar wurin da za a zuba wannan bayani ya zauna da tsari, kuma Gramps, manhajar rubuta salsalar iyali a kwamfuta, na cikin 'yan manhajojin da suka cancanci a duba.

Kyauta ce, ba talla a cikinta, masu aikin sa kai ne ke gina ta tun 2001, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Sau ɗaya ake sauke ta, a sa a filashi a bi kwamfutocin makaranta ana girkawa, daga nan ba ruwanta da intanet. Sai dai a sani tun farko: kayan aikin malami ce da ɗaliban sakandare. Ɗan firamare takarda da fensir sun fi masa. Ba ta da Hausa. Akwai Ingilishi, akwai Faransanci ga makarantun Nijar, don haka sai malami ya rubuta fassarar kalmomin da ke kan maɓallan a allo kafin kowa ya taɓa linzami. Kuma ba ta da sigar da za a girka a waya a yi aiki kai tsaye kamar ta kwamfuta, wanda babban naƙasu ne a wajenmu.

Kada a fara da ita ma. Makonni biyu na farko na takarda ne: yaro, iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, mutum 15 ke nan. Ga kowane mutum a nemi abu biyar: sunan yanka, sunan da ake kiransa da shi, garin haihuwa, sana'a, da wanda ya ba da labarin. Sai takardar ta cika gwargwadon hali sannan a zauna gaban kwamfuta, kowane ɗalibi a buɗe masa kundinsa daban.

Akwai saiti ɗaya da in ba a sauya shi ba aikin zai cakuɗe tun ranar farko. Gramps na zuwa da zaton cewa gida na da suna ɗaya da ake gado, don haka da zarar an ƙara wa mutum ɗa sai ta liƙa masa sunan ƙarshe na uban. A wajenmu Sani ɗan Musa ɗan Haruna, Sani Musa ne, ba Sani Haruna ba. A shiga saituna, a nemi wurin cankar sunan iyali, a kashe shi gaba ɗaya. Akwai wani zaɓi na tsarin mutanen Aisland wanda shi ma da sunan uba yake aiki, amma yana liƙa ɗafa-ƙeya irin ta harshensu, ba zai yi mana ba.

Bayan wannan, sashen suna shi ne inda manhajar ta fi burgewa. Mutum ɗaya na iya ɗaukar sunaye da yawa, kuma ga kowane suna na biyu ana iya nuna tushensa: na uba ne, na gari ne, na sana'a ne, ko mutum ne ya ɗaukar wa kansa. Wannan ya yi daidai da yadda aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano, waɗanda sunayen garuruwa suka bi su. Akwai gurbin laƙabi, akwai na sarauta ko Malam da Alhaji. Tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ, har da ajami, in dai kwamfutar na da allon rubutunsu. Dokar da za a kafa wa aji: sunan yanka a babban gurbi, sauran a ƙarƙashinsa. In ba haka ba Garba da Habu da Abubakar za su zama mutum uku, alhali tsoho ɗaya ne. Haka Indo da A'isha, Binta da Fatima, Sanda da Umaru.

A nan ne yara ke cin karo da alkunya. Kaka ba za ta kama sunan mijinta ba, ba za ta kama na ɗanta na fari ba, kuma jikan da aka yi wa takwara da marigayi Abba ko Baba ake ce masa har ya tsufa. Yaron da ya matsa mata sai ta faɗa ya yi rashin ladabi, kuma ba zai samu ba. A koya masa ya kai tambayar wajen baffa ko goggo. Sunayen da ake ganin ba na yanka ba ne kuwa kada a yar da su, don shaida ce: Talatu da Ɗanladi sun faɗi ranar haihuwa, Azumi ta faɗi wata, Tanko ya nuna mata ne a gabansa, Gambo ya nuna akwai tagwaye da ya kamata a nemo ko da sun rasu suna jarirai.

Aure ma ba ta damu da yawansa ba. Kowane aure rukuni ne mai zaman kansa: miji, mata, da 'ya'yan ɗakinta. Mai mata huɗu rukuni huɗu, wadda aka saka ko ta rasu nata na nan, kuma matar da ta yi aure uku tana fitowa a duka ukun. Ana iya jera matan daga uwargida zuwa amarya, a jera 'ya'ya daga na fari zuwa auta ko da babu shekarar haihuwar ko ɗaya. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne tara 'ya'yan kaka duka a ƙarƙashin uwargida don gudun buɗe sabon rukuni, sai 'yan uba su koma shaƙiƙai. Ga kowane yaro akwai wurin nuna dangantakarsa da uba daban, da uwa daban: haihuwa, riƙo, ko agolanci. 'Yan'uwantakar shayarwa ce ba ta da gurbi na musamman. Sai a sa ta a sashen alaƙa tsakanin mutane, a rubuta da hannu, kuma a shigar a wajen kowane ɗayansu, domin manhajar ba ta mayar da alaƙar ta ɗaya ɓangaren da kanta. Abu ne da ya shafi halaccin aure, bai kamata a tsallake shi ba.

Auren zumunci na jawo wata matsalar. In uwa da uba taubasai ne, kaka ɗaya zai fito ta ɓangare biyu, sai yaro ya shigar da shi sau biyu. Maganin shi ne a zaɓo mutumin da ke cikin kundi maimakon ƙirƙiro sabo. In an riga an yi, akwai kayan binciko masu kama da juna a haɗe su, amma a yi hattara: a gidan da Muhammadu ya haifi Abubakar ya haifi Muhammadu, haɗe kaka da jika abu ne mai sauƙi, kuma janye kuskure yana yiwuwa ne kawai kafin a rufe kundin.

Sai kwanan wata, wanda shi ne dalili mafi ƙarfi na zaɓen Gramps. Ba ta tilasta wa kaka ranar haihuwa. Tana karɓar “wajen”, “kafin”, “bayan”, da “tsakanin kaza da kaza” (da harshen manhajar, ba da Hausa ba), tana kuma bambance abin da aka kintata da abin da aka lissafo. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke ƙirga shekaru, don haka malami ya liƙa jadawali a bango: shigar Turawa Kano da Sakkwato 1903, isowar jirgin ƙasa Kano 1911, yunwar Kakalaba 1914, zuwan Sarauniya 1956, samun 'yancin kai 1960, kisan Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama 1972, zuwan naira 1973, kisan Murtala 1976. A Nijar a ƙara juyin mulkin Kunce na 1974. Sarautu ma ma'auni ne: a Kano, Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953, Sanusi na ɗaya 1953 zuwa 1963, Ado Bayero 1963 zuwa 2014. A Katsina, Dikko ya rasu 1944 Usman Nagogo ya hau. In kaka ta ce tana goyon babanka aka kashe Sardauna, haihuwarsa na tsakanin 1964 da farkon 1966. A fi amfani da “tsakanin” a kan “wajen”, domin a lissafinta na ciki manhajar na ɗaukar “wajen” da faɗin shekara 50 gaba da baya sai an rage a saituna. In an rubuta abin da ba ta gane ba, akwatin zai yi ja. Za ta ajiye shi a matsayin rubutu, amma ba zai shiga jerin shekaru ba.

Tana da kalandar Hijira. Gidajen malamai da yawa na da haihuwar 'ya'ya a rubuce da ajami a bayan littafi ko cikin kundi, da rana da wata. A shigar da shi yadda yake, manhajar za ta jera shi daidai da na Miladiyya. Lissafi take yi ba ganin wata ba, saboda haka kwana ɗaya ko biyu na iya bambanta. Takardar shaidar shekaru ta kotu mai ɗauke da 1 ga Janairu kuwa a shigar da ita, amma kada a ba ta daraja fiye da maganar wadda ta je suna.

Wannan ya kawo mu ga abin da darasin yake koyarwa a gaskiya. Kowane bayani a Gramps ana iya rataya masa majiya, da mataki biyar na amincewa daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi. Ɗalibin Islamiyya ba baƙo ba ne ga isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya gani da idonsa ko labari ya zo masa. Iƙirarin sharifta ko na jinin sarauta ba a goge shi, ba a yi masa dariya, ana rubuta shi da sunan mai faɗa da matakin da ya dace. A nan malami zai ba da maki, ba a tsawon salsala ba. In aka ce wanda ya fi yawan kakanni shi ya ci, yara za su ƙago kakanni. Illar ita ce sa majiya ɗaya na bukatar buɗe taga cikin taga cikin taga, ɗalibai kan ɓace a tsakani su rufe ba su adana ba. Dabara: kowane tsoho da aka zanta da shi a buɗe shi sau ɗaya a matsayin majiya, sauran lokuta a riƙa zaɓo shi.

Kayan tantance kurakurai nata abin dariya ne a farkon amfani. Ma'auninsa na asali abokan aure uku ne ga mutum, 'ya'ya 12 ga mace, 15 ga namiji, sai ya fito da dattijon kirki a jerin kurakurai. Ana ɗaga lambobin. Mai lissafin dangantaka kuma da Ingilishi yake tunani, kalma ɗaya ce gare shi ga kawu da baffa, ɗaya ga goggo da inna. A bar ɗalibai su rubuta na Hausa da biro a kan takardar da aka buga, har zuwa tattaɓa-kunne.

Babban aibinta a makaranta shi ne rashin kalmar sirri. Duk wanda ya zauna a kwamfutar zai iya buɗe kundin kowa. Ɗan kwaɗon da ake latsawa a ce bayani na sirri ne ba ya ɓoye komai a fuskar kwamfuta, amfaninsa sai wajen bugawa ko fitar da kundi. Salsala kuwa tana tono abin da gida ya binne: saki, asalin bauta, ɗan da ba a ambaton ubansa, maraya da bai san kowa ba. Don haka a nemi izinin iyaye a rubuce, a bar yaro ya bi gidan da ya riƙe shi ko ɓangare ɗaya kawai in ya so, kada a kafe salsalar kowa a bango sai da yardar gidansu, kuma a ƙarshen zango a kwashe kundin a ba mai shi a goge na makaranta. Wajen fitarwa akwai zaɓin ɓoye bayanan rayayyu, kuma duk wanda ba a sa masa rasuwa ba tana iya ɗaukarsa mai rai har shekara 110.

Masu cewa me ya sa ba FamilySearch ba, wato manhajar salsala ta intanet, tun da ita ma kyauta ce: tana bukatar intanet, matattu na shiga salsala guda ta duniya da wani zai iya gyarawa, kuma ta cocin Mormon ce, wanda neman nasaba a wajensa ke da alaƙa da yi wa matattu baftisma a madadinsu. Sa suna ba shi ne yin baftismar ba, amma haƙƙin iyaye ne su sani kafin a tura kakanninsu can.

Ɗauke wuta bai cika yin ɓarna ba, domin duk abin da aka tabbatar yana adanuwa nan take. In wuta ta dawo za a ga kwaɗo a kan kundin, a karya shi kawai in an tabbata ba a buɗe yake a wata taga ba. Hotuna da muryoyin da aka ɗauka a waya su ne ke ɓacewa, saboda Gramps ba ta kwafe su, hanyar inda suke kawai take riƙewa. Wanda ya nuna mata hoto a filashi ya zare, ya tashi da gurbi fanko. A buɗe wa kowane ɗalibi jaka guda a kwamfutar, a zuba komai ciki kafin a haɗa, kuma wajen ajiyar kariya a zaɓi wadda ke haɗawa da hotuna. Wajen bugawa, jadawalin kakanni na mutum 15 na shiga takardar A4 guda. Na zuriya, wanda ke gangarowa daga tsoho mai 'ya'ya 25, yana cin shafuka da yawa, don haka a fara fitar da shi a PDF a ƙirga shafukan kafin a aika wa firinta.