Injin turawa ko na ratayawa a kafaɗa, wanne zan fara saya?

Salam ɗan uwa, ka ce za ka fara sana'ar yankan ciyawa a nan Bauchi kuma kuɗinka na inji ɗaya ne. Ni dai na kafaɗa zan ce ka saya.

Na turawa yana da sauri, yankansa kuma sumul yake fita, fetur zalla yake sha ba sai ka gauraya da baƙin mai ba. Amma sai filin da aka baje aka dasa ciyawar ƙiri-ƙiri, irin na wasu gidajen GRA da otal-otal. To gida nawa ne haka? Yawancin kiran da za ka samu na bayan katanga ne, makaranta, kango, bakin kwalbati, inda kyasuwa da gamba suka kai ƙugu a watan Agusta, ga ƙasar Bauchi da duwatsu, wuƙar ta daki dutse sau ɗaya sandar injin na iya lanƙwashewa, ribar wata ta tafi gun makaniki. Sannan kullum sai ka ɗauki shatar Keke Napep.

Na kafaɗa kuwa a babur ma ka ɗaure shi ka wuce, yana shiga ko'ina, ƙaramar ciyawa ka sa zaren roba, mai kauri ka sa wuƙa. Gaskiya yana gajiyar da kafaɗa, kuma a babban fili ya fi cin lokaci. Inda mutane ke asara shi ne gaurayen mai, don yawancin na kafaɗa sai an gauraya musu fetur da baƙin mai. Injinan kamfanin Stihl da Husqvarna mililita 20 na baƙin mai 2T (wanda ake gaurayawa da fetur) ake zubawa a lita ɗaya ta fetur, da yawan injina 'yan Chana kuwa mililita 40 suke so, don Allah ka duba takardar injinka kar ka auna da ido, in ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya yi ta mutuwa. In aljihu zai ɗauka akwai na kafaɗa mai injin Honda GX35, shi ba a gauraya masa. Kuma ka sa tabarau da takalmi sau-ciki, tsakuwa yake watsowa, ido ba wasa ba.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 zirga-zirga ce ke cinye riba fiye da injin kansa, don haka kar ka yi Yelwa da safe, Fadamar Mada da rana. Haɗa gidajen unguwa ɗaya a rana ɗaya, ka yi jinga ta wata da masu gida, yanka duk sati biyu cikin damina. Ciyawar ma kar ka zubar, masu kiwo suna saye in dai ba a yi mata feshi ba.

Damina na wucewa aiki zai ja baya, sai ka juye man tanki kafin ka ajiye inji don kar kafireta ta toshe. Randa ka samu manyan filaye biyu ko uku a hannu, lokacin sai ka ƙaro na turawa.