Jagoran da na ɗauka a Istanbul ya cinye min kusan rabin lokacina a shagon darduma

Na gama saro kaya a Laleli, saura min yini ɗaya kafin jirgi. Tun daga gida na ƙudurta sai na shiga gidan adana kayan fasahar Turkiyya da na Musulunci da ke Sultanahmet, tsohuwar fadar Ibrahim Pasha, wazirin Sarki Sulaiman na daular Turkawa. Sai na biya wani kamfani da na gani a intanet kuɗin jagora na awa huɗu.

Yaron ya zo da fara'arsa, "Hajji, Hajji" ba ta barin bakinsa. Maimakon mu wuce, sai ya ratse da ni wani lungu, wai mu sha shayi minti biyar. Ashe shagon darduma ne. Aka miƙo min shayin tuffa a ɗan kofin gilashi, samari biyu suna ta warware darduma kan darduma a gabana. Na ce ban zo saye ba, mai shago ya ce ai kallo kyauta ne. Awa ɗaya da rabi! Ɗan kasuwa ne ni, na san inda ake cin la'ada. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da muka shiga fadar kuwa, wallahi na manta da fushin. Dardumomin Saljuƙawa, Turkawan da suka yi mulki a da, na ƙarni na 13, waɗanda aka samo a masallacin Alauddin na Konya, sun yage, sun ɓule, amma ja da shuɗinsu na nan, gefensu da zane mai kama da rubutun Kufi. Na daɗe tsaye gaban warƙoƙin Alƙur'ani da aka rubuta a kan fata, daga masallacin Umayyawa na Dimashƙa. Tsigar jikina ta tashi. A nan kam yaron ya yi ƙoƙari, ya san aikinsa, shi ya nuna min ƙofar babban masallacin garin Cizre mai adon tagulla.

To amma ƙarfe biyu na cika ya duba agogo, ya ce lokaci ya yi, har yana jiran tukuici. Lokacin da shi ya ƙona a shagon abokinsa! Ban ba shi ko sisi ba, na ci gaba da zagayena ni kaɗai.

In za ku je, ku hau jirgin ƙasan cikin gari na layin T1 daga Laleli, tasha ta uku ce Sultanahmet, fadar na kallon Shuɗin Masallaci. Ku yanki tikiti a ƙofa.