Kulorin ko Buromin: Wanne Ya Dace da Bahon Ruwan Ɗumi a Birnin Kebbi?

Ranka ya daɗe Alhaji, ka ce ka kafa bahon wanka mai ɗumama ruwa da feso shi da ƙarfi a gidanka da ke Birnin Kebbi, kana cika shi da ruwan rijiyar burtsatse, kuma kana neman sanin wanne ya fi dacewa wajen tsare ruwan tsakanin kulorin da buromin. Duka biyun suna kashe ƙwayoyin cuta, amma halinsu a cikin ruwa mai zafi ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne bambancin yake.

Kulorin ya fi saurin aiki, ya fi arha, kuma ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu. Matsalarsa ita ce ba ya jimrewa zafi, domin a ruwan da ya kai digiri 37 zuwa 40 yana ƙarewa da wuri, sai ya zama dole a riƙa ƙara shi kusan kullum. Idan ya haɗu da gumi da man shafawa da sauran abin da ke fita daga jikin mutum, sai ya rikiɗe zuwa wani sinadari mai rauni wanda shi ne ke kawo wannan ƙauri mai shiga hanci da jan ido. Mutane da yawa idan sun ji ƙaurin sukan ɗauka maganin ne ya yi yawa, alhali galibi alama ce ta cewa mai aikin ya ƙare, saura wanda ya riga ya gaji.

Buromin kuwa a hankali yake aiki, amma yana daɗewa a ruwan ɗumi, kuma ko bayan ya haɗu da dattin jiki yana ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta, ƙaurinsa ma bai kai na kulorin ba. Akwai wata fa'ida da ta fi waɗannan muhimmanci a ganina. Feshin da injin bahon ke yi yana cusa iska a ruwa, wannan kuma yana ɗaga pH, wato ma'aunin da ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, sama sannu a hankali. Da zarar ya kai 8, abin da ke aiki sosai a cikin kulorin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi kuwa buromin mafi yawansa yana nan da ƙarfinsa. Rauninsa rana ce, domin haskenta na cinye shi, kuma babu wani abin kariya da za a zuba masa kamar yadda ake yi wa kulorin a wuraren ninkaya. Saboda haka idan bahon yana fili ba rumfa, ranar bazarar Kebbi ba za ta bar shi ya kai yamma ba. Ga kuma tsada, ga wahalar samu, wataƙila sai ka yi saƙonsa daga Abuja ko Legas.

Adadin da ake buƙata ma ya bambanta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar kada kulorin mai aiki ya gaza kashi 3 cikin miliyan a irin wannan baho, buromin kuma ya tsaya tsakanin 4 da 8, sannan zafin ruwan kada ya haura digiri 40. Shi pH ya fi kyau a riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.8. Ba a gane waɗannan da ido ko da hanci, sai da takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, kuma wanda bai tanadi wannan takarda ba, duk maganin da ya zaɓa cikin duhu yake aiki.

Dalilin wannan tsanani shi ne ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 25 da 45 shi ne inda ƙwayar Lijiyonela ke yaɗuwa, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya cikin 1976, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga jiki. Akwai wata ƙwayar kuma da ke haddasa ƙuraje masu ƙaiƙayi. A watannin Maris zuwa Mayu, ko ba ka kunna na'urar ɗumamawa ba, ruwan bahonka zai zauna cikin wannan mataki da kansa.

Sai batun ɗaukewar wuta, wanda masu rubuta takardar umarnin bahon ba su yi la'akari da shi ba. Idan injin ya tsaya, ruwa ba ya zagayawa, matacin ba ya aiki, kuma ruwan da ya maƙale cikin bututu shi ne ke fara lalacewa. A nan buromin yana da ɗan rinjaye, tunda ƙwayoyinsa suna narkewa a hankali cikin mazubi mai yawo a kan ruwa, amma wannan ba ya maye gurbin kunna janareta ko sola domin ruwan ya zagaya na wasu awanni kowace rana.

Ra'ayina shi ne, idan bahon yana cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, yana da murfi, kuma kana da tabbacin samun buromin ba tare da yankewa ba, ka ɗauke shi. Idan ba haka ba, kulorin na gari da ake aunawa kullum ya ishe ka, sai dai ka guji manyan ƙwayoyin da ake sakawa a wuraren ninkaya, domin tsaminsu yana cin jikin baho da na'urar ɗumamawa. Ka sani kuma cewa idan ka fara da buromin, komawa kulorin sai an zubar da ruwan gaba ɗaya, saboda duk kulorin da ka zuba zai farfaɗo da buromin da ya rage ne kawai. Kada a taɓa haɗa garin biyun a mazubi ɗaya.

Game da ruwan burtsatse, idan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, ko wanne ka zuba zai iya mayar da launinsa ruwan ƙasa, don haka a tace shi tun wajen cikawa. A wanke matacin kowane mako, a ƙara yawan wankin lokacin ƙurar hunturu, a kuma sauya ruwan duk bayan wata uku zuwa huɗu, ko ƙasa da haka idan masu shiga suna da yawa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar kada su shiga, mai juna biyu kuma ta fara tuntuɓar likita.