Gargaɗi ga mutanen Jos: jabun ekstenshan ya cika gari

Hunturu ya shigo, gidaje sun fito da hita da butar lantarki, kuma daidai wannan lokaci ne masu sayar da jabun ekstenshan ke cin kasuwarsu. Ana turo shi a baro wajen Terminus da Bauchi Road, wasu kuma a WhatsApp da Facebook suke tallarsa, su ce maka jan ƙarfe ne zalla, har a gida za a kawo maka. A jikin kwalin an buga 13A da 3,000W, wato amfiya 13 da wat 3,000, yawan wutar da wai zai iya ɗauka. Mu masu aikin wuta mun san abin da ke cikin irin wannan waya, don Allah ku yi hattara.

Dabarar tana cikin robar. Suna yi wa wayar riga mai kauri yadda idan ka riƙe za ka ji ta cika hannu, amma zaren da ke ciki ƴan silli ne, kuma yawanci alminiyon ne ko baƙin ƙarfe aka shafe da ruwan jan ƙarfe. Alminiyon ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 yake kaiwa idan kaurinsu ɗaya, ga saurin karyewa a bakin sukuru. Waya siririya kuwa zafi take yi idan an ɗora mata nauyi, robar ta yi laushi, wayoyin su haɗu, sai gobara. Ekstenshan mai ɗaukar 13A yana buƙatar jan ƙarfe mai kaurin 1.25mm² ko 1.5mm². Mai 0.75mm² iyakarta 6A, wato kimanin wat 1,400, buta ɗaya ma ta fi ƙarfinta.

Kafin ka biya, sa a kwance fulogin a gabanka. Ya kamata ka ga waya uku: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya, da mai kore da ruwan ɗorawa ta atin, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. A jabun sau da yawa biyu ne kacal, doguwar ƙafar sama ado ce, ba a haɗa ta da komai ba. Ranar da firji ko dutsen guga ya fara ja, babu hanyar da wutar za ta bi sai jikin wanda ya taɓa, wataƙila yaro ne. Duba fiyus kuma, dole ya kasance a ciki. Wasu waya suke naɗawa a gurbinsa.

Sai ka kankare zare ɗaya da reza. Jan ƙarfe ja ne har ciki, jabu kuwa fari zai fito. Kara maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, bar masa abinsa. Jar fitilar nan da suke nuna maka suna cewa tana kare kaya idan wuta ta zo da ƙarfi, a yawancinsu fitila ce kawai.

Ko na ƙwarai ka samu, yana da iyaka. Wutarmu 230V ce, saboda haka 13A wat 3,000 ne a jimlace, komai yawan ramukan soket ɗin. Buta mai wat 2,000 da hita mai wat 2,000 sun zarce. Irin waɗannan a soket na bango ake sa su, kowanne shi kaɗai. Kada a jona ekstenshan a kan wani, kada a bi da shi ƙarƙashin kafet ko katifa, kuma mai naɗi a warware shi duka kafin a kunna, domin zafi na taruwa a cikin naɗin. Idan fulogi ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ka ji ƙaurin roba, ko bakin soket ya yi baƙi, kashe daga bango ka cire shi, kada ka ɗaure da salatif.

Saya a shago mai mazauni, ka karɓi rasit. Kayan da aka ƙera a Najeriya a nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kaya, duk da shi ma ana kwaikwayonsa, don haka bai ɗauke maka gwajin reza ba. Wanda aka riga aka cuta ya ajiye ekstenshan ɗin da kwalinsa da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙorafi ofishin SON ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.